Cadillac mai fiffike da Boswaja mai inji a baya: me motocin 1945 zuwa 1965 suke faɗa kan zamaninsu?

Abu Safiyya: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ga hotuna biyu na ɗora. Ta farko Cadillac ce ta 1959: tsawonta mita 5.7, inji silinda takwas mai lita 6.4, ƙarfin doki 325. Ta biyu BMW Isetta ce ta 1955: ko mita biyu da rabi ba ta kai ba, injin babur ne a cikinta mai silinda ɗaya, cc 247, ƙofarta ɗaya tal a gaba, in ka buɗe sitiyari ya biyo ƙofar. Shekara huɗu ce kawai tsakaninsu. Ni a ganina zamani riga ne, kuma a jikin mota ake ganinsa. Amurka ta ci yaƙi tana ji da kanta, shi ya sa Harley Earl na General Motors ya ɗauko wutsiyar jirgin yaƙin P-38 ya ɗora wa Cadillac ta 1948, fiffiken ya yi ta girma har 1959. Jamus kuwa ta sha kaye, ta koma shiga akwati. Masana, ku gyara mini.

Hajiya Mai Lissafi: Wa alaikumus salam. Malam Abu, hotunan sun yi kyau, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Mai zane yana zana abin da aka ba shi dama ne. Kafin ka dubi fiffike, tambayi abu uku: nawa ake sayar da mai, wa ke raba ƙarfe, kuma a kan me gwamnati ke karɓar harajin mota. A Amurka galan ɗin fetur wajen santi 30 ne a shekarun nan, bashin mota ya koma na wata 36, a 1955 kaɗai an ƙera ƙananan motoci kusan miliyan 8, sannan a 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu kan dokar gina manyan hanyoyi mil 41,000. Mutumin da ke da wannan ba ya tambayar nauyin mota. A Ingila kuwa gwamnati ce ke raba ƙarfe bayan yaƙi, kuma kamfanin da bai fitar da mafi yawan motocinsa ƙasashen waje ba, ba ya samun kaso.

Injiniya Garba: Hajiya ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Daga 1921 har bayan yaƙi, harajin mota a Ingila ana lissafa shi ne da faɗin ramin silinda da yawan silindodin, babu ruwan lissafin da nisan da fistin ke tafiya. To me kake jira maƙera su yi? Suka tsuke rami, suka tsawaita tafiyar fistin. Injin Ford mai cc 1172: faɗin rami milimita 63.5, tafiyar fistin 92.5. Irin wannan inji yana da ja a ƙaramin gudu, amma ramin ya yi ƙanƙanta da manyan bawul, ba ya shaƙar iska sosai, kuma in ka riƙe shi a babban gudu na awa guda fistin na cin bangon silinda da sauri. A 1948 aka mayar da harajin na bai ɗaya. Ku dubi Ford Anglia ta 1959: rami kusan milimita 81, tafiyar fistin 48 da 'yan kai. An juya lissafin gaba ɗaya. Dokar haraji ce kwance a cikin bulok ɗin inji.

Abu Safiyya: Injiniya, na ji. Amma haraji ne ya ce a yi fiffike? Fiffike ba ya ɗaukar kaya, ba ya ƙara gudu.

Hajiya Mai Lissafi: Fiffike aikinsa ya sa motar bara ta tsufa a idon maƙwabci. Tsarin Alfred Sloan ne, shugaban General Motors: kowace shekara a sauya fasali, ko da inji da shasi suna nan yadda suke. Sauya ƙarfen baya ya fi sauya inji araha. Shi ya sa Ba'amurke ke iya gaya maka shekarar Chevrolet daga nesa, 55 ce ko 56 ko 57, amma Boswaja, wato Volkswagen Beetle, sai ka leƙa gilashin baya ka ga mai tsaga biyu ne, ko mai siffar ƙwai, ko babba.

Alhaji Mai Bodi: Bari in shigo da abin da ke ƙarƙashin fenti. Ƙyallin da ake gani a bamba hawa uku ne: jan ƙarfe a ƙasa, nikel a tsakiya, sannan ɗan siririn kurom a sama. Nikel ɗin ne ke tare tsatsa, kurom ado ne. Da yaƙin Koriya ya tashi a 1950 sai gwamnatin Amurka ta taƙaita nikel saboda kayan soja. Motocin wajen 1951 zuwa 1953 sai aka riƙa ɗora kurom kusan kai tsaye kan jan ƙarfe, a shafe da banish. Banish na baruwa, ruwa ya shiga, bamba ta yi ƙuraje. Duk wanda ya goge irin wannan bamba da abu mai kaushi ya gama da ita. Ga yaƙi nan a jikin bamba.

Sai kayan adon da aka zuba da zinki, irin su hannun ƙofa da tambarin bonet. Waɗannan daga ciki suke ruɓewa. In ka kai wa mai sabunta kurom bai tone kowane rami da ɗan dirili ya cike shi ba, cikin 'yan watanni ƙurajen za su dawo. Kuma inda rufi ya haɗu da bodi, da dalma suke cikewa, ba da fila irin ta yanzu ba. Kada yaro ya sa injin gurza a wurin ba tare da abin rufe hanci ba, ƙurar dalma ce zai shaƙa.

Ɗan Koyo: Ranka ya daɗe Alhaji, ai ana cewa ƙarfen da ya fi na yanzu.

Alhaji Mai Bodi: Ya fi kauri, yaro, bai fi jure tsatsa ba. Ba sa tsoma bodi cikin maganin tsatsa yadda ake yi yanzu, cikin ƙofofi da ƙasan dakali ƙarfe ne tsirara. Plymouth da Dodge na 1957, waɗanda Virgil Exner ya zana, sun girgiza kasuwa da kyau, amma an yi gaggawar fito da su, ruwa na shiga ta gilashi, suka fara ruɓewa tun suna sababbi. Waɗanda kake gani yau su ne 'yan ƙalilan da suka kwana a inuwa.

Malam Bashir Tarihi: Maganar Alhaji ta ƙarshe ita ce tawa. Muna auna zamani da motocin da suka tsira, kuma abin da ke tsira shi ne abin da masu kuɗi suka adana. Cadillac mai fiffike ba ita ce motar ma'aikacin Amurka ba. Tun 1958, da tattalin arziki ya ja baya, mutane suka fara juya wa manyan motoci baya. Ford ya fito da Edsel a Satumba 1957 da ganguna da kakaki, Nuwamba 1959 ya rufe ta. A daidai lokacin Rambler ƙarama na ciniki, Boswaja na shigowa daga Jamus, har manyan kamfanonin uku suka fito da nasu ƙananan na 1960: Falcon, Valiant da Corvair. Ashe shekarar da fiffike ya kai ƙololuwa, kasuwa ta riga ta fara gajiya da shi.

Baba Tanko Kakuri: Tunda an ambaci Boswaja, ku bar ni da ita. Ferdinand Porsche ne ya zana ta a ƙarƙashin gwamnatin Hitler, aka gina mata masana'anta a 1938, amma farar hula da suka yi ta tara kuɗi da kan sarki ba su samu ba, yaƙi ya cinye. Wani hafsan Ingila, Manjo Ivan Hirst, shi ya tayar da aikin a Wolfsburg a 1945. A 1955 ta cika miliyan ɗaya, a Fabrairu 1972 ta wuce Ford Model T, ta ƙarshe ta fito a Meziko a 2003, jimilla sama da miliyan 21.

An yi ta ne don mutumin da ba shi da gareji, motarsa na kwana a waje cikin ƙanƙara. Shi ya sa babu lagireto, babu ruwan da zai daskare. Iska ce ke sanyaya injin. Fankar tana kan sandar dainamo, fanbel ɗaya ke juya su duka. Jar wutar caji ta kama, ka tsaya nan take. A wata motar batir kawai zai mutu, a Boswaja injin ne zai dahu. Fanbel in ka danna da babban yatsa ya lotsa kamar santimita ɗaya da rabi, ana ɗaure shi ta hanyar cire wasa daga tsakanin fuli.

Baƙin mai lita biyu da rabi kacal take sha, kuma ba ta da filta, sai rariya a ƙarƙashi mai noti shida. Duk kilomita 5,000 a zubar, a wanke rariyar da fetur, a sa sabon gasket da sababbin wasan jan ƙarfe. Notin nan ƙanana ne, wanda ya ɗaure da ƙarfin tsiya zai tsinke sandunan. Bawul ana saita su inji na sanyi ƙalau, milimita 0.15 a injin 1300, 1500 da 1600. Tsofaffin 1200 suna da nasu awon, kada a haɗa. Jerin wuta 1-4-3-2.

Ɗan Koyo: Baba, me ya sa kullum silinda ta uku ake zagi?

Baba Tanko Kakuri: Don ita ke shan wahala. Tana gaba ta hagu, kuma na'urar sanyaya baƙin mai tana tsaye cikin gidan fanka daidai kan hanyar iskarta. Iskar da ke isa gare ta ta riga ta ɗumama. Bawul ɗin hayaƙinta na yin zafi, ya miƙe, tazarar ta rufe, ya daina zama daidai a mazauninsa, daga nan kan bawul ya tsinke ya faɗa kan fistin. Alamar na fitowa tun da wuri: duk saitin da aka yi sai a tarar tazarar ta uku ta tsuke. Kamfanin ya san da haka, har ya ɗan jinkirta wutar ta uku a cikin disbuta, sai a motocin 1971 aka fitar da na'urar daga hanyar iskar. Kuma duk faranti da robar da ke zagaye da injin aiki suke yi. Masu cire su su yar wai don iska ta shiga, zafin salansa suke mayar wa fanka.

Usman Riwaya: Baba, a ƙara da wuta. Batir ɗinta yana ƙarƙashin kujerar baya. In babu murfi a kan fos, wato kan batir mai alamar +, mai nauyi ya zauna, sifirin kujera ya taɓa kan batir, sai hayaƙi. Ga kuma bututun tagulla da ke shiga kafireta, matsa shi kawai aka yi, in an rataya masa filtar fetur mai nauyi yana zarewa, fetur ya watsu kan disbuta.

Injiniya Garba: Mu tsallaka Ingila. Yuli 1956 Shugaba Nasser na Masar ya karɓe mashigin Suez, yaƙi ya biyo baya, daga Disamba 1956 zuwa Mayu 1957 Ingila na rabon fetur da kati. Ƙananan motocin Jamus irin Isetta da Messerschmitt suka cika titi. Messerschmitt ɗin ma kamfanin jirgin yaƙi ne da aka hana ƙera jirgi, shi ya sa murfin motar yake kamar na matuƙin jirgi. Leonard Lord, shugaban kamfanin motoci na BMC, ya sa Alec Issigonis ya yi masa mota ta gaske da za ta kore su, tsawon ƙafa goma, mutum huɗu. Mini ke nan, 1959.

Don a samu wuri, aka gindaya injin cc 848 a gicciye, aka cusa giyabos a ƙarƙashinsa cikin kaskon baƙin mai, mai ɗaya suke sha, taya inci goma. Kowace dabara da kuɗinta. Haƙoran giya na yanka man, ɓarɓashin ƙarfe na yawo zuwa inji, don haka sai mai kauri irin 20W-50, a kuma riƙa canzawa da wuri. Da farko kafireta ce ke gaba, tana yin ƙanƙara, sai suka juya injin, disbuta ta dawo bayan ragar gaba. Ruwan sama na sauka, Mini na tari ta mutu a hanya, har aka riƙa rufe disbutar da roba.

Malam Bashir Tarihi: Land Rover ta 1948 ma ɗiyar babu ce. Rover ba shi da kason ƙarfe mai yawa, amma alminiyon na nan tunda an rage ƙera jiragen yaƙi, har koren fentin farko ragowar na soja ne. Maurice Wilks ya ɗora samfurin farko kan shasin Jeep. Babu kuɗin injin matse ƙarfe, shi ya sa bodin duk shafaffe ne, shasin kuma faranti huɗu aka haɗa da walda ya zama akwati. An yi ta ne a matsayin ta wucin gadi don manoma.

Alhaji Mai Bodi: Kuma kyan ɗan maciji ne da ita. Bodi na sheƙi, mai saye ya ruɗu, alhali shasi da katangar gaban direba ƙarfe ne. A duba gindin ƙafar direba, hannuwan shasi da ke riƙe bodi, da gicciyen baya, a ƙwanƙwasa da guduma a saurari sautin. Inda alminiyon ya taɓa ƙarfe da danshi sai ya zama farin gari, musamman ƙasan ƙofofi. Wajen haɗawa a raba su da fenti ko roba. Sifana kuma a nemi na awon Whitworth, na milimita na zagaye kan noti ne kawai.

Ɗan Damagaram: Sannunku da aiki, 'yan Nijeriya, kun cika mu da Ingila. A Faransa ma sunan mota haraji ne: 4CV ta Renault, 2CV ta Citroën, wato dawakin haraji huɗu, dawakin haraji biyu. 2CV ta fito a 1948 da silinda biyu, cc 375, doki tara. Umarnin Pierre Boulanger tun kafin yaƙi shi ne mota ce ta manomi: ta ɗauki mutane da buhun dankali kilo 50, ta sha wajen lita uku a kilomita ɗari, ta ratsa gonar da aka yi wa huɗa da kwandon ƙwai ba tare da ya fashe ba. Rufinta tamfol ne don ya fi ƙarfe araha, kujeru kamar gadon zango. Ba ta da disbuta ma, kwayil ɗaya mai baki biyu ke ba buji biyun wuta lokaci guda. Buji, wato fulogi a bakinku.

Amma Malam Abu na da gaskiyarsa, ku daina taron dangi a kansa. Citroën DS ta 1955 ba yunwa ce ta haife ta ba, alfahari ne. Ƙasar da aka mamaye tana son nuna wa duniya ta dawo. Ranar farko a baje kolin Faris an yi odar 12,000. Ba ta da sifirin ƙarfe, ƙwallaye ne masu iskar naitirojin da ruwan haidirolik, famfo ɗaya ke ba birki, sitiyari, kuloci da tashin mota ƙarfi. A Agusta 1962 da aka buɗe wa shugaban Faransa De Gaulle wuta yana cikin DS a Petit-Clamart, kusa da Faris, kan batun Aljeriya, tayoyi sun fashe amma direban ya fice da ita.

Hajiya Mai Lissafi: Malam na Damagaram, buɗe mana bonet ɗin DS ɗin.

Ɗan Damagaram: Hajiya kin kama ni. Injin tsohuwar Citroën Traction ne na shekarun 1930, cc 1911, silinda huɗu. Sun so mai silinda shida, kuɗi da haraji suka hana. To mu raba: bodi na Malam Abu, inji naki.

Ga mai son taɓa DS, abu biyu. Ruwanta iri biyu ne: ja na farko, da kore mai suna LHM daga 1966. Robobinsu daban ne, in aka zuba wannan a tsarin wancan duk sil ɗin motar sai sun kumbura, aikin ya koma na canza komai. Kalar tanki da ƙwallaye na faɗa maka, baƙi na ja, kore na kore. Na biyu, ba a shiga ƙarƙashinta sai an tokare ta da ƙafafun ƙarfe. Matsin na sauka tana zaunawa ƙasa, ba ta sallama. In ta fara tsalle kamar amalanke, naitirojin ɗin ƙwallayen ne ya gudu.

Injiniya Garba: A ɓangaren 'yan gurguzu kuma akwai Trabant ta Jamus ta Gabas, ƙarshen 1957, wata guda bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik, sunan ma yana nufin tauraron da ke rakiya. Farantin ƙarfe mai kyau ya yi musu wuya, sai suka matse ragowar auduga da wani irin ƙaro suka yi bangon bodi. Bangon ba ya tsatsa, amma ƙashin da ke ƙarƙashi ƙarfe ne kuma yana ruɓewa. Injin irin na babur mai hayaƙi ne, ana gauraya mai da fetur: kashi 1 cikin 33 a tsofaffi, wato wajen lita 0.6 a lita 20, daga baya 1 cikin 50. Tanki na saman inji, babu famfon fetur, da sanda ake auna abin da ya rage. A gangare in ka ɗaga ƙafa daga totur inji na juyawa babu mai, shi ya sa giya ta huɗu ke sakin kanta. Mutum kan yi rajista ya jira sama da shekara goma, har tsohuwa ta fi sabuwa tsada.

Abu Safiyya: To mu nan fa? Ba mu ƙera ko ɗaya ba a lokacin.

Malam Bashir Tarihi: Ba mu ƙera ba, amma titinmu ya nuna wa ke mulki. Nijeriya da Gana na tuƙi ta hagu, sitiyari a dama, Morris da Austin da Landiroba. Nijar da Cadi ta dama, Fijo da Renault da Citroën. Nijeriya ta koma dama ranar 2 ga Afrilu 1972, Gana ta biyo a 1974, saboda maƙwabta duk ta dama suke bi. Kamfanonin ciniki ne ke shigo da su, SCOA na kawo Fijo, Mandilas na kawo Volkswagen, kafin a buɗe masana'antar Fijo a Kaduna da ta Volkswagen a Legas a 1975. Abin lura shi ne motar Faransa ce ta ci kasuwar ƙasar da Ingila ta raina.

Baba Tanko Kakuri: Hanya ce ta yi alƙalanci. Fijo 404 ta 1960 tana da dogon sifirin mai tafiya sosai, ga tsayi daga ƙasa, tana shanye gargada. Ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1963, 1966, 1967 da 1968, a Kenya ma an ci gaba da harhaɗa ta har 1991. Akori-kurarta kuwa kowa ya san abin da ta ɗauka. Injin cc 1618, a kishingiɗe, kansa alminiyon, silindodin kuma hannun riga ne da ake zarewa, ruwa na zagaye su kai tsaye. Wannan ne ya sa ba ta mutuwa: ba sai an kai bulok wurin masu rarake ba, a zuba sabon hannun riga da fistin da ringi. Sai dai in an ɗaga kan inji, a danne hannayen rigar da wasa da kusoshi kafin a juya karanshaf. In ɗaya ya motsa, sil ɗin gindinsa ya saki, ruwa zai sauka cikin baƙin mai, ya koma kamar kunun gyaɗa.

Usman Riwaya: Ɓangarena kuma, lantarki. Yawancinsu bolt shida ne da farko. Chevrolet ta koma sha biyu a 1955, Ford a 1956, Boswaja sai 1967. Rabin bolt na nufin ninkin amfiya, don haka wayar batir sai mai kauri. In aka sa mata siririyar wayar motar yanzu, kik zai riƙa nishi a ce batir ne. A goge duk inda wayar at ke kama bodi har ya yi haske. Mai mayar da Boswaja sha biyu ya ƙirga haƙoran filawil: 109 na shida, 130 na sha biyu, kik ɗin ɗaya ba ya shiga na ɗaya.

Motocin Ingila kuwa har tsakiyar shekarun 1960 fos ne ke zuwa bodi. Wanda ya ɗaura rediyon zamani bai duba ba zai ƙone shi. Juyawa ba wuya: a juya batir, a sauya wayoyi biyu na kwayil, a sauya na agogon caji in akwai, sannan a ɗauko waya daga fos a ɗan goga wa ƙaramin bakin dainamo mai alamar F sau biyu ko uku kafin a tayar. In aka manta wannan, dainamo zai yi caji a baibai ya ƙone katawut.

Hajiya Mai Lissafi: Akwai abin da ba a sa musu ba, shi ma shaida ne. Yawancinsu birkin ganga a taya huɗu, famfon birki mai layi ɗaya, bututu ɗaya ya fashe ka rasa duka. Sandar sitiyari miƙaƙƙiya tana kallon ƙirjin direba. Béla Barényi na Mercedes ya yi rajistar dabarar gaba da baya masu lotsewa tun farkon shekarun 1950, Nils Bohlin na Volvo ya kawo bel mai maɗauri uku a 1959, amma Amurka sai da hayaniyar lauya Ralph Nader kan haɗarin Corvair a 1965 ta kai ga dokar 1966 kafin abin ya zama dole.

Injiniya Garba: Corvair da Boswaja ciwonsu ɗaya: nauyi a baya, aksil mai lilo. A kwana mai tsanani tayar baya na lanƙwashewa ciki, mota ta juya. Da iskar taya aka rufa asiri, Corvair fam 15 a gaba, 26 a baya. Mai faci ya buga musu 30 duka huɗu, ya cire maganin bai sani ba. Kuma takalman birkin wancan zamani asbestos ne, ba a hure ƙurar da iska, a jiƙa a goge.

Sai fetur. An yi injinan nan ne don mai mai dalma, dalmar ke kare mazaunin bawul ɗin hayaƙi. Kan inji na baƙin ƙarfe, irin na Morris da Chevrolet, in ana dogon gudu da fetur ɗin yanzu mazaunin na lotsewa, tazarar bawul na tsukewa. Magani a dasa mazauni mai tauri. Masu kan alminiyon tun asali da dasasshen mazauni suka zo, matsalarsu kaɗan ce.

Malam Bashir Tarihi: Kyuba ta nuna iyakar abin. Bayan juyin 1959 da takunkumin Amurka na 1962, sababbi suka daina zuwa, kayan gyara ma haka. Chevrolet da Buick na Habana yau da yawansu bodin ne kawai na 1950 da wani abu, a ciki injin dizal ne na wata ƙasar. Mota ɗaya, zamani biyu.

Ɗan Koyo: Iyayena, tambaya ta ƙarshe. In aka samu 404 salun da ta shekara ashirin a ajiye, daga ina ake farawa?

Baba Tanko Kakuri: Ba daga makulli ba. A cire fulogi huɗu, a zuba cokali biyu na baƙin mai da ɗan man gas a kowane rami, a bar shi kwana uku, sannan a juya inji da hannu, a hankali. In ya cije kada a tilasta, ringi ne zai karye. A sauke tanki a wanke, tsohon fetur ya zama ƙaro. Duk tiyon roba na fetur da na birki da na ruwa a canza, kada a tsaya dubawa. A zubar da baƙin mai, a sa sabo da filta, a goge kontak a saita shi milimita 0.4, a yi kik babu fulogi har wutar mai ta mutu, sannan a mayar da fulogi. Birki kafin titi, ba bayan titi ba.

Ɗan Damagaram: Baba ya bar guda. Aksil ɗin bayan salun ɗin 403 da 404 ba irin na sauran motoci ba ne, dunƙulen ƙarfe ne mai zare yake juya faifan tagulla. Man giya na yanzu mai lamba GL-5 yana da farar wuta da ke iya cin tagulla in ya yi zafi. A zubar da tsohon cikin farar tasa a duba a rana, in yana ƙyalli kamar garin zinariya faifan ya fara tafiya. A wanke, a nemi man da aka rubuta a jikinsa cewa ba ya cin tagulla, kuma kada a gauraya shi da ragowar na da.

Baba Tanko Kakuri: Haka ne, na gode da tuni. Kuma a cika shi daidai bakin ramin gefe, mota na tsaye a shafaffen wuri.